Yadda ake girka Spore na GOG a kwamfutar yau, da wuraren da yake ba da matsala

A watan Satumba na 2016 GOG, kantin sayar da wasannin kwamfuta a intanet, ya fara sayar da Spore Collection ba tare da makullin hana kwafi ba. Masu buga gem sun yi ta shewa, wasu don murna, wasu don ba'a, domin babu wasan da sunansa ya ɓaci saboda irin wannan makulli kamar Spore, wasan da kake ƙera halitta ka raine ta mataki-mataki daga ƙwaya har ta kafa daula a sararin samaniya. Kamfanin Maxis ne ya yi shi a ƙarƙashin jagorancin Will Wright, kamfanin Electronic Arts (EA) kuma ya fitar da shi a Satumba na 2008 ɗauke da manhajar tsaro mai suna SecuROM. Wanda ya sayi faifan sau uku kacal aka ba shi damar girkawa. Idan ya canza kwamfuta ko ya sake ɗora Windows, ɗaya ta tafi. Da ma EA ta so a riƙa tantance wasan ta intanet duk bayan kwana 10, surutu ya sa ta janye tun kafin fitowarsa. Fiye da mutum 2,000 suka ba shi tauraro ɗaya a Amazon, aka kai EA kotu a California, shafin TorrentFreak kuma ya lissafa shi a matsayin wasan da aka fi sata a 2008, an sauke shi kusan sau miliyan 1.7. Daga baya EA ta mayar da damar zuwa biyar, ta kuma fitar da manhajar da ke dawo wa mutum da damar da ya yi amfani da ita.

Shi ya sa da nau'in GOG ya fito, maganar da ta fi yawo ita ce an yi shekara takwas ana wahalar da wanda ya biya kuɗinsa, ɓarawo kuwa tun makon farko yake bugawa hankali kwance. Wasu suka ce cire makulli bai gyara wasan ba, har yanzu bai kai abin da Will Wright ya nuna a taron masu ƙera wasanni na 2005 ba. Su ma suna da gaskiyarsu. Amma akwai dalilin da ya sa masu tunanin gobe suka saya ba gardama: a watan Maris na wannan shekara ta 2016 EA ta kashe sabar Darkspore, ƙanin Spore da ya fito a 2011, kuma tunda ba ya tashi sai da intanet, duk wanda ya saye shi ya tashi a tutar babu. Nau'in GOG yana ba ka fayilolin a hannunka. Adana su da gyara su kuma ya dawo wuyanka, kuma a nan ne mutane ke yin sakaci.

Kafin ka biya

Abu uku ne a cikin kunshin: Spore kansa, ƙarin sassan jiki na Creepy & Cute da ya fito a ƙarshen 2008, da Galactic Adventures na 2009. Na Windows ne kawai. Mai Mac kada ya sa rai, tsohon nau'in Mac ɗin ma ya daina tashi tun da macOS Catalina ta daina karɓar manhajoji masu bit 32 a 2019. Mai Linux zai iya bi ta manhajojin da ke kunna wasannin Windows, irin su Wine, ko Lutris, ko Heroic.

Ƙarfin kwamfuta ba abin damuwa ba ne. Abin da aka nema a 2008 shi ne Pentium 4 mai gudun 2.0 GHz, RAM megabait 512 a Windows XP ko 768 a Vista, da katin hoto mai megabait 128 wanda ya san Pixel Shader 2.0. Kusan kowace laftof ta hannu da ake sayarwa a kasuwa yanzu ta wuce haka nesa ba kusa ba. Ka ware gigabait 10 a faifan kwamfuta don fayilolin girkawa da wasan da halittun da za su taru. GOG na karɓar kati da PayPal, sai ka tabbata bankinka ya buɗe wa katinka biyan kuɗi zuwa ƙasashen waje kafin ka ɓata lokaci. Kantin yana karɓar buƙatar mayar da kuɗi cikin kwana 30 da saye.

Saukewa da girkawa

Hanya biyu ce: ta manhajar GOG Galaxy, ko ta fayilolin girkawa masu zaman kansu. Ta biyun ita ce dalilin sayen nau'in GOG, don haka ita za ka bi ko da kana amfani da Galaxy. Ka shiga asusunka a burauza, ka buɗe Library, ka danna Spore Collection, ka nemi sashen offline backup game installers. Za ka ga ƙaramin fayil mai ƙarewa da .exe da babba ko manya masu ƙarewa da .bin. Duka za ka sauke, ka zuba su a folda ɗaya, kada ka canza wa ko ɗaya suna. Mafi yawan masu kukan cewa girkawa ta tsaya a tsakiya, ko dai .exe kaɗai suka sauke, ko burauza ta sake sauke wani fayil ta liƙa masa lamba a ƙarshen suna, ko intanet ya yanke fayil ɗin .bin bai cika ba. Ka gwada girman kowane fayil da wanda aka rubuta a shafin. Idan intanet ɗinka mai yankewa ne, ka yi amfani da manhajar saukewa mai iya ci gaba daga inda ta tsaya.

Idan ka taɓa girka Spore na faifai ko na wani kanti a wannan kwamfutar, ka cire shi tukuna ta hanyar cire manhaja ta Windows. Share foldarsa da hannu bai isa ba. Wasan yana rubuta inda fayilolinsa suke a rajistar Windows ƙarƙashin sunan Electronic Arts, kuma idan tsohon adireshi ya rage a can, sabon wasan zai je neman kayansa a wurin da babu komai. Amma kafin ka cire tsohon, ka kwafe foldoji biyun da za a yi bayaninsu a ƙasa.

Wajen girkawa, ka zaɓi wuri kamar C:\GOG Games maimakon Program Files. Windows na tsare Program Files, duk gyaran da za ka yi daga baya sai ta nemi izinin mai kula da kwamfuta, wani lokaci ma ta ajiye gyaran a wani wuri daban ba ka sani ba. Wasan yana aiki da DirectX 9.0c. Idan ya ƙi tashi yana cewa babu wani fayil mai suna da ya fara da d3dx9, ka girka kunshin DirectX End-User Runtimes na watan Yuni 2010 daga shafin Microsoft. Kada ka je ɗauko fayil ɗin .dll guda ɗaya daga shafukan da ba ka san masu su ba, ta nan ƙwayar cuta ke shiga.

Da an gama, ka kwafe fayilolin girkawar zuwa filashi ko faifan waje. Filashin da aka tsara da FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4, idan ya ƙi karɓa sai ka mayar da shi exFAT ko NTFS. Wannan kwafin naka ne, kana iya girkawa a duk kwamfutocinka sau nawa ka ga dama ba tare da intanet ba. Rashin makulli bai mayar da shi kyauta ba, lasisin na mutum ɗaya ne, rabawa ko sayarwa sata ce kamar yadda take a 2008.

Wanne za ka kunna

A cikin foldar wasan akwai SporeApp.exe guda biyu. Ɗaya yana cikin SporeBin, shi ne asalin wasan. Ɗayan yana cikin SporebinEP1, shi ne Galactic Adventures. Kullum ka kunna na biyun. Yana ɗauke da dukkan matakai biyar na wasan (ƙwaya, dabba, ƙabila, birane da sararin samaniya), ya ƙara da kyaftin da ke sauka daga jirgi ya taka ƙasa. Idan kana tsalle tsakanin su biyun za ka rikita kanka: kyaftin da ka sa wa kayan yaƙi a ɗaya ba zai yi aiki a ɗayan ba, kuma duk gyaran da ka yi wa fayil ɗaya bai shafi ɗayan ba.

Spore bai san katunan hoton da aka ƙera bayan zamaninsa ba, saboda haka yakan zaɓa maka mafi ƙarancin inganci da ƙaramin allo. Ka shiga saitin hoto ka ɗaga su da kanka. Idan allo ya yi baƙi tun farko, ko wasan ya faɗi duk lokacin da ka leƙa wata manhaja, ka kunna shi a taga. Ka danna gajeriyar hanyar wasan da maɓallin dama, ka shiga Properties, a ƙarshen layin Target bayan alamar rufe zance ka bar tazara ɗaya ka rubuta -w -r:1280x720. Na farkon yana sa taga, na biyun yana tsayar da girman allo, kana iya sa lambobin naka allon. Mai laftof mai katin hoto biyu ya shiga saitin hoto na Windows ya ɗora SporeApp.exe a kan katin mai ƙarfi, in ba haka ba Windows na iya barinsa a kan ƙaramin.

An tsayar da wasan a hoto 30 a daƙiƙa. Wata ƙima mai suna frameLimitMS ce ke riƙe da shi, ita ce yawan milisakan da kowane hoto zai ɗauka: 33 na ba da 30, 16 ko 17 na ba da kusan 60. Ana canza ta a fayilolin rubutu na foldar Config, akwai kuma gyare-gyaren masoya wasan da ke yin hakan. An tsara motsin halittun ne a kan 30, kuma wasan ba na saurin hannu ba ne, don haka wannan shi ne gyara na ƙarshe da ya kamata ya dame ka.

Wanda ya fi muhimmanci shi ne na RAM. Spore manhaja ce mai bit 32, kuma irin waɗannan Windows na ba su gigabait 2 ne kawai sai in an kunna musu wata alama a cikin fayil ɗin .exe. Ko kwamfutarka na da gigabait 16, wasan ba ya ganin sauran. Alamar wannan ciwo ita ce wasan ya mutu ba gargaɗi lokacin saukowa wata duniya mai cike da gine-gine, ko lokacin buɗe kasada mai kaya da yawa a Galactic Adventures, musamman bayan an daɗe ana bugawa. Maganinsa ƙaramar manhajar 4GB Patch ta NTCore: ka buɗe ta, ka nuna mata SporeApp.exe na cikin SporebinEP1, ta kunna alamar, ta ajiye maka kwafin tsohon fayil ɗin a gefe. A Windows mai bit 64 wasan zai samu gigabait 4. Idan da ma alamar a kunne take, sake kunnawa ba ya ɓata komai. A nan ake ganin amfanin rashin makulli a aikace, domin a nau'in da aka naɗe da manhajar tsaro, taɓa wannan fayil kan sa wasan ya ƙi tashi gaba ɗaya. Ka tuna duk sabuntawar da ta zo za ta maye gurbin fayil ɗin.

Foldoji biyu da rayuwar wasanka ke ciki

Spore ba ya ajiye komai naka a inda aka girka shi. Ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta %APPDATA%\Spore. A ciki akwai Games, a cikinta kuma Game0. Wannan Game0 ita ce gungun taurarinka baki ɗaya. Duk duniyoyin da ka fara wasa a kansu, ko guda nawa ne, a gungu ɗaya suke zaune, har kana iya kai wa daularka ta dā ziyara da sabuwar. Abin sha'awa ne, amma yana nufin idan Game0 ta lalace, duka suke tafiya tare.

Kuma tana lalacewa. Kada ka dogara cewa wasan zai ajiye maka da kansa, kai za ka riƙa dannawa. Idan aka ɗauke wuta ko batir ya mutu daidai lokacin da yake rubutawa, fayilolin kan tsaya rabi da rabi, gobe ka kunna ya faɗi a allon taurari ko wajen buɗe duniyarka. Kada ka ajiye wasa batir na kan jan layi, mai kwamfutar tebur kuma ya samu UPS ko da mai riƙe minti 10 ne. Sannan ka saba da wannan: ka rufe wasan gaba ɗaya, ka kwafe foldar Spore ɗin nan dukanta zuwa wani wuri, ka sa mata kwanan wata a suna. Ka yi haka kafin shiga sabon mataki, kafin sa kowane gyara, da kuma lokaci-lokaci a matakin sararin samaniya, inda mutum ke zuba awanni masu yawa. Idan ɓarna ta faru, ka mayar da kwafin. Idan babu kwafi, ka canza wa Game0 suna, wasan zai ƙirƙiro sabon gungu, daulolinka sun tafi amma halittunka na nan.

A foldar nan kuma akwai GraphicsCache.package. Idan halittu suka fara fitowa baƙi ƙirin ko fatarsu ta hargitse, ka rufe wasan ka share shi, zai sake gina shi. Kada hannunka ya zarce kan EditorSaves.package ko Pollination.package, su ke riƙe da abubuwan da ka ƙera da waɗanda ka tara.

Folda ta biyu tana cikin Documents, sunanta My Spore Creations, an raba ta gida-gida: halittu, gine-gine, ababen hawa, jiragen sama da sauransu. Kowane abu ƙaramin hoton PNG ne, kuma a nan Maxis ta yi dabara. Dukkan bayanin halittar, ƙashinta da sassanta da launinta, a ɓoye yake cikin ɗigogin launin hoton, ƙananan canje-canjen da ido ba ya gani. Ka ja hoton ka jefa shi cikin ɗakin ƙera halitta, sai ta tashi da ranta. Saboda haka duk abin da ya taɓa hoton ya kashe ta. Idan ka tura wa abokinka ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar za ta matse shi ta mayar da shi JPEG, abin da zai isa hoto ne kawai ba halitta. Ka tura shi a matsayin takarda, ko ka dunƙule shi a zip. Kada ka yanke shi, kada ka ɗauki hoton allo. Wanda kuma OneDrive ke riƙe masa da Documents ya tabbata foldar na zaune a kan kwamfutar, ba a intanet kaɗai ba.

Abin da har yanzu ke hannun EA

Cire makulli bai shafi ɓangaren intanet ba. Sporepedia, rumbun da ke zuba halittun wasu mutane cikin duniyoyinka, a sabar EA take, kuma shiga sai da asusu. In ba ka shiga ba, wasan na tafiya daga farko har ƙarshe da halittun da Maxis ta zuba a ciki, sai dai bayan 'yan kwanaki za ka fara gane fuskoki. Hanyar da ba ta buƙatar asusu ita ce ta hotunan nan: ka adana ainihin PNG ɗin daga shafin Sporepedia ko daga abokai, ka jefa su cikin wasan. Halittar da aka yi da sassan Creepy & Cute ba ta buɗuwa ga wanda ba shi da kunshin, amma mai nau'in GOG ya huta da wannan.

Gyare-gyaren masoya wasan iri biyu ne. Masu ƙarewa da .package ana zuba su a foldar DataEP1 ko Data, gwargwadon abin da mai gyaran ya ce. Masu ƙarewa da .sporemod sai da Spore ModAPI Launcher Kit, kuma da zarar ka sa su, ta cikinsa za ka riƙa kunna wasan. Mafi shahara shi ne Dark Injection, wanda ya kwaso sassan jikin Darkspore ya shigo da su. Ka sa ɗaya, ka gwada, sannan na gaba. Idan ka cire gyara alhali akwai halittar da aka ƙera da sassansa a gungunka, ita ce za ta riƙa kayar da wasan. Idan saitinka ya zauna daram, ka kashe sabuntawa ta kai tsaye a Galaxy, ka kuma riƙe tsofaffin fayilolin girkawa ko da sababbi sun fito.

Shiga wasan

Kada sunan juyin halitta ya sa ka zaci darasin kimiyya ne. Mujallar Science ta sa masana sun duba wasan a 2008, kuma ya faɗi warwas a ɓangaren ilimin halittu. Kai ne ke liƙa ƙafa da ido da baki yadda ka so, babu wani zaɓin yanayi da ke aiki. Abin da wasan ke lissafawa shi ne halinka. A matakin ƙwayar halitta, cin ganye na ba da koren kati, cin nama ja, haɗa biyun shuɗi. A matakin dabba ana abota da waƙa, rawa, fara'a da tsayuwar ado, ana faɗa da cizo, tunkuyi, duka da tofi. A matakin ƙabila akwai ƙabilu biyar da za ka shawo kansu da kiɗa ko ka murƙushe su. A matakin birane ana cin gari da soja, ko kasuwanci, ko addini. Katunan da ka tara su ke yanke irin daular da za ka zama a sararin samaniya da baiwar da za ta samu, don haka mai son wata daula takamaimai ya fara lissafi tun yana ƙwaya.

A sararin samaniya sababbin shiga kan yi asarar kuɗi wajen gyara duniya. Kowace duniya na da daraja daga T0 zuwa T3. Ka daidaita zafi da kaurin iska har alamar ta shiga zobe na gaba, sannan nan take ka zuba tsiro uku, ƙarami da matsakaici da babba, domin su ne ke riƙe yanayin. In ka yi jinkiri zai koma inda ya fito, kayan aikin da ka saya sun tafi a banza. Bayan tsirrai sai masu cin ganye biyu da mai cin nama ɗaya. Kowane hawa irin wannan shidan yake buƙata, kuma sababbin iri, don haka ka cika jirginka da su kafin ka tashi. Hanyar tsakiyar gungun kuma daular Grox ce ta kewaye ta, kada ka tunkare ta sai jirginka ya samu mafi girman ma'ajin lafiya da na makamashi da tarin kayan gyara.

Akwatin sirri na buɗuwa da Ctrl da Shift da C, rubuta help na jero umarnin da ke akwai. Masu ƙara kuɗi ko maki, irin su moreMoney da addDNA, suna jawo wa wannan wasan lambar Joker, wadda ke rufe masa samun lambobin yabo daga nan har ƙarshensa. Masu canza kyamara ko launin allo ba sa jawo ta. Mai son gwada na kuɗin ya kwafe Game0 tukuna.